Ɗigon Mai Shiru

Shafi na 14

Masu cewa na ɓace, ga ni. Wata baiwar Allah har saƙon murya ta turo min tana shessheƙa, wai in ji tsoron Allah in gaya mata ko Gimbiya ta samu sauƙi. Haba jama'a, ni ma fa da yatsa ɗaya nake buga rubutun nan, ga wanki yana harara ta. To ku gyara zama, mai girki ta rage wuta tukuna.

Mun tsaya ne a safiyar da Auta za ta nuna wa ƙungiyar iyayen masu sikila shafin neman jini da ita da abokin aikinta Gilashi suka daɗe suna haɗawa, alhali Gimbiya, 'yar yayarta, tana kwance a ɗakin yara na asibitin tun jiya.

*

Ɗakin taron da ke bayan asibiti ya cika ya batse. Kujerun roba sun ƙare, har an jawo benci daga wajen masu jiran magani. Auta na tsaye gaban farin bango, bakinta ya ƙi rufuwa. Gilashi kuwa yana durƙushe ƙarƙashin tebur yana kokawa da igiyar majigi, tabarau ɗin nan nasa mai kauri ya zamo masa har kan hanci.

"Gilashi, ya kama?"

"Ki bari in numfasa mana."

"Ka numfasa in an tashi."

Ba ta rufe baki ba haske ya watsu a bango. Taswirar gari ta fito ɓaro-ɓaro, tituna da lunguna, ga jajayen ɗige-ɗige warwatse ko'ina a kanta. Ɗakin ya ɗauki "Laaa!" gaba ɗaya. Wata tsohuwa da ke layin gaba ta miƙe tana nuni da sandarta.

"Ga layinmu can! Wallahi ga kwanar mai faci!"

"Zauna Inna, ba gidanki aka zo nuna mana ba."

Hajiya Shugaba, wadda ta kafa ƙungiyar kuma ba a ja da ita, ta ƙwanƙwasa tebur da biro. Nan take kowa ya nutsu.

"Auta, yi mana bayani. Amma in kika sako mana turancin nan naku na kwamfuta, tashi zan yi in ba ki wuri."

Auta ta haɗiye dariya, ta goge tafin hannunta a jikin mayafi.

"Hajiya, ni fa ban ƙera komai ba. Ɗinki kawai na yi, irin na Yaya. Ƙyalle uku na samu na haɗa."

"Ina jin ki."

"Na farko taswirar nan, wadda kowa ke buɗewa a waya in ya ɓata hanya. Na biyu guruf ɗinki na masu ba da jini. Na uku manhajar da ake kiran babur da ita. Dukkansu suna nan tun da, kowanne yana harkar gabansa, ba mai gaida wani. Ni kawai na sa suka fara magana da juna a shafi ɗaya."

"Jajayen nan fa?"

"Mutanenki ne, waɗanda suka yi rajista a makon nan. Kowane ɗigo mutum ne da ya yarda a kira shi. Da can in yaro na neman jini, uwa ta kira ki, ke ki rubuta a guruf, wanda zai amsa yana can ƙarshen gari. Kafin ya samu abin hawa uwa ta gama kuka ta ɗauko sabo."

"Wallahi kuwa," in ji wata daga baya.

"To yanzu rukunin jinin kawai za a rubuta. Shafin ya tace, ya nuna wanda ya fi kusa. A danna shi, saƙo ya shiga wayarsa. Yana cewa ya amsa, babur ya tashi zuwa ƙofarsa."

"Ba wanda ya kira mai babur ɗin?"

"Ba kowa, Hajiya! Shafin ne ke kira. Bari ku gani da idonku."

Ta danna wani ɗigo da ke daidai kan asibitin, wanda suka sa wa suna Ɗan Gwaji. Asusun bogi ne Gilashi ya buɗe musu tun farkon aikin, da shi suke gwada komai. Sai ga wayar Gilashi ta ɗau ƙara a aljihu. Ya ciro ta ya ɗaga sama yana juyawa don kowa ya gani, sannan ya danna amsa. A jikin bango wani ɗan mitsitsin babur ya ɓullo, ya fara rarrafe kan titi yana nufo asibiti.

Jama'a, ku zo ku ga tafi! Mata suka miƙe suna shewa, wata ta rungume ta kusa da ita da ba ta ma sani ba. Tsohuwar nan ta ce ita dai a bar mata babur ɗin ta ci gaba da kallo. Auta ta ji kamar ta yi tsalle, ita da ta yi watanni ba ta san daɗin barci ba saboda abin nan.

Hajiya kaɗai ba ta tafa ba. Ta ɗaga hannu.

"Tambaya ɗaya gare ni. Sirrin mutanena fa?"

"Hajiya..."

"Tsaya in gama. Da alƙawari na tara mutanen nan. Ba suna, ba hoto, ba wanda zai san su. Bara wasu suka gano gidan wani bawan Allah, suka tare masa ƙofa, wannan roƙo, wancan godiya, har matarsa ta ce ko su ko ita. Haka muka rasa shi. Ni kaɗai ce da mai ɗakin awo muka san fuskokinsu, kuma haka nake so ya zauna."

"Duba nan da kyau, Hajiya."

Auta ta nuna ɗan akwatin da ya buɗe a gefen Ɗan Gwaji. Laƙabi ne a ciki, da rukunin jini, sai wani farin da'ira a sama wanda babu komai a cikinsa.

"Kin gani? Laƙabi kawai. Ɗigon ma kan unguwa yake sauka, ba kan gida ba. Mai babur kaɗai ke samun ƙofa, shi ma sai mutum ya amsa da kansa."

Hajiya ta matso da fuska ta ƙura ido, ta ɗan jima, sannan ta gyaɗa kai.

"To, na yarda. Tura wa iyaye adireshin shafin, kowa ya buɗe a wayarsa."

Gilashi ya tura. Wayoyi suka fara kuka ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka wani mutum ya leƙo ƙofa da hular kwano a hannu, gumi na tsiyaya masa.

"Salamu alaikum. Don Allah wane ne Ɗan Gwaji? Shi aka turo ni in ɗauka."

Ɗakin ya kece da dariya. Gilashi ya dafe kai.

"Auta, ba ki soke kiran ba?"

"Ai kai ne Ɗan Gwaji, je ka hau."

Har hawaye wasu suka yi. Gilashi ya fita yana ba mai babur haƙuri, ya roƙe shi ya ɗan jira a inuwa ko za a buƙace shi.

A nan ne Auta ta hango Yaya tsaye jikin ƙofar baya. Ta sato jiki ne daga ɗakin yara, ta bar Baban Gimbiya a bakin gado. Idonta ya yi ja saboda rashin barci, amma murmushi take yi, irin wanda Auta ta daɗe ba ta gani a fuskarta ba. Don ita aka yi duk wannan aikin. Auta ta sha ganin yayarta zaune a ƙasan baranda da waya a hannu tana jiran wani ya ce yana da irin jinin 'yarta, domin jinin Gimbiya irin mai wuyar samun nan ne.

"Yaya, kin gani?"

"Na gani, Autarmu. Allah Ya yi miki albarka." Ta kalli taswirar da ke bango. "Mai Shiru yana ciki?"

"Yana ciki mana. Shi ya fara rajista."

Duk ƙungiyar ba wanda bai san laƙabin nan ba. Tun Gimbiya na goye, duk lokacin da jininta ya sauka, Mai Shiru ne ke zuwa. Ya shiga ta ƙofar bayan ɗakin awo, ya bayar, ya fita, ko ruwa ba ya tsayawa sha. Yaya ba ta taɓa ganinsa ba, amma ba ta sallame salla ba tare da ta sa shi a addu'a ba. Da yake ita tela ce, har riga ta taɓa ɗinka masa, shuɗiya, ta yi wa bakin aljihun ado da farin zare, ta ba Hajiya ta kai masa.

"Wata rana dai zan gan shi," in ji Yaya. "Ko a lahira ne."

Ƙofar ta buɗe da ƙarfi har ta bugi kafaɗarta. Baban Gimbiya ne, numfashinsa sama-sama.

"Maman Gimbiya, zo. Likita ya ce jinin ya sauka sosai. Yau za a sa mata, yanzu. Kuma sun duba ma'ajiya, babu irin nata."

Yaya ta dafe bango. Dariyar da ta rage a ɗakin ta ɗauke ɗif.

Ita kuwa Auta, Allah Ya sani, tsoro ya kama ta, amma tare da tsoron wani zumuɗi ya taso mata. Ta faɗa kan kujera ta jawo kwamfutar.

"Yaya, kar ki motsa! Ai don irin wannan aka yi shi. Ku duba bango, kowa ya duba!"

Ta rubuta rukunin jinin Gimbiya. Jajayen ɗige-ɗigen suka ɓace rututu, sai biyu kacal suka rage. Ɗaya yana can bakin gari, shi ma launinsa ya koma toka-toka.

"Wancan bai daɗe da bayarwa ba, shafin ba zai bari a kira shi ba," in ji Gilashi da ya dawo da gudu. "Amma ga wannan! Ga shi nan kusa, bayan kasuwa!"

"Mai Shiru ne!" Auta ta yi ihu. "Yaya, Mai Shiru ne, kuma yana kusa!"

"Danna, danna!" mata suka haɗa baki.

Ta danna.

Akwatin ya buɗe a bango, ƙato, kowa na gani. Ga laƙabi, ga rukunin jini. Amma farin da'irar nan da babu komai a cikinsa ɗazu, yanzu fuskar mutum ce cike da shi. Dattijo ne mai furfura a gemu, baƙin tabarau na walda ɗage a goshinsa. Yana sanye da shuɗiyar riga mai adon farin zare a bakin aljihu.

Hannun Auta ya sandare a kan kwamfutar.

"Kawu..."

Sababbin shigowa, ku tsaya in gaya muku, don na san tsofaffin masu karatu sun riga sun jefar da waya. Kawu ƙanin mahaifiyarsu ne, mai walda. Shi ya riƙe su bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya saya wa Yaya keken ɗinkinta na farko. Da Yaya ta kawo Baban Gimbiya za ta aura, awo ya nuna su biyun duka suna ɗauke da sikila a jininsu. Kawu ya ce ba da shi ba. Yaya ta ce ta ji ta gani. A gaban mutane ya ce mata, "Ranar da kika haifi mai ciwo, kar ki neme ni." Ita kuma ta rantse da Allah, ko ruwa ne ya fito daga hannunsa ba zai shiga cikin abin da za ta haifa ba. Tun daga ranar ko a hanya suka haɗu kowa gabansa yake kallo, kuma ba a ambaton sunansa a gidan Yaya.

Yaya ta saki bango. Ta tako a hankali ta tsakiyar kujeru, mata na janye ƙafafu suna ba ta hanya. Ta zo har gaban hoton, ta ɗora yatsa a kan aljihun, hasken majigi ya kwanta a bayan hannunta.

"Ɗinkina ne wannan."

Ta bi adon farin zaren da yatsa.

"Ni na yi aljihun nan. Sai da na farke shi na sake, don na farkon bai yi min ba." Ta juyo. "Hajiya, kin sani?"

Hajiya ta ajiye biro.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko. Shi ya zo ya same ni."

"Ke kika kawo min tsohuwar rigarsa na ɗau awo da ita."

"Ni ce."

"Har na ce miki tana warin ƙarfe. Kika ce min wai ƙila direba ne." Yaya ta nuna ta da yatsa. "Kina kallona ina kuka ina sa masa albarka, Hajiya. Kina kallona!"

"To me kike so in ce miki? Ya sa na yi masa alƙawari. Ya ce ranar da kika sani, ranar zai daina. Ni kuma yarinya nake dubawa, ba ku biyun ba, masu taurin kan tsiya."

Kafin Yaya ta amsa wata mata ta ƙwalla ƙara daga tsakiyar ɗaki, waya a hannu.

"Innalillahi! Ai wannan maigidana ne!"

"Wa?"

"Wai shi ne Zaki! Mutumin da in za a yi wa yara allura fita yake daga ɗaki! Ashe duk ranar da ya dawo ya ce min kansa na juyawa..."

"Ni ma ga maƙwabcinmu mai shago!"

"Ku duba wannan, ba malamin makarantar su Gimbiya ba ne?"

Sai a lokacin Auta ta gane girman abin. Ba bango kaɗai ba ne. Kowace uwa a ɗakin tana da shafin a wayarta, kuma kowace tana danna ɗigo tana ganin fuska.

"Ku rufe!" Hajiya ta daka tsawa. "Kowa ya kife wayarsa! Auta, me kika yi min?"

"Hajiya, wallahi ban... Gilashi, daga ina hotunan nan suke fitowa? Ba mu nemi hoton kowa ba!"

Gilashi ya riga ya fizge kwamfutar, yatsunsa na gudu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Can ya tsaya cak, ya cire tabarau.

"Maɓallin shiga ne."

"Wane maɓalli?"

"Wanda muka sa don kar mu wahalar da su da cike-cike. Muka ce kowa ya shiga da asusunsa na sada zumunta, dannawa ɗaya. To asusun ba shi kaɗai yake zuwa ba, da hoton mutum yake tahowa. Taswirar kuma duk abin da aka miƙa mata mannawa take a da'irar nan."

"Amma mun gwada! Kullum sai mun gwada!"

"Da wa muka gwada?"



"Da Ɗan Gwaji," in ji Gilashi a hankali. "Shi da 'yan'uwansa na bogi. Ba wanda muka sa wa hoto a cikinsu, shi ya sa da'irar ke fitowa fari. Mun ɗauka ado ne."

"Watanni muna gwaji da mutanen da ba su da fuska," in ji Auta. Hawaye ya zubo mata. "Kuma ko sau ɗaya ba mu danna na gaske ba, wai don kar mu tayar musu da hankali."

"Za ku yi ta'aziyyar daga baya," in ji Hajiya. "Yana gyaruwa ko ba ya gyaruwa?"

"Layi ɗaya ne, Hajiya."

"To me kuke jira?"

Auta ta karɓe kwamfutar. Tana kuka tana bugawa, hanci na zuba, Gilashi na tsaye a kanta yana nuna mata wuri da yatsa. Wayar Hajiya kuwa sai zuzu take a kan tebur ba ƙaƙƙautawa. Ta ɗauka ta duba, fuskarta ta canza.

"Labari ya kai guruf ɗin masu ba da jini. Wani ya ɗauki hoton shafin ya tura musu." Ta fara karantowa. "Zaki ya fita. Ɗan Lungu ya fita. Wannan cewa ya yi, Hajiya, ba haka muka yi da ke ba."

"An gyara!" Auta ta buga maɓalli da ƙarfi. "Kowa ya sake buɗewa!"

Suka sake buɗewa. Da'irar ta koma fari, fuskoki sun ɓace. Amma taswirar da ɗazu take cike da ja yanzu ta yi gibi-gibi, kuma suna kallo wani ɗigon ya sake mutuwa a gaban idonsu.

"Ba komai, za su dawo," Gilashi ke faɗa, shi kansa bai yarda da maganarsa ba. "Za mu bi su ɗaya-ɗaya mu ba su haƙuri. Auta, sa rukunin Gimbiya."

Ta sa. Ɗigo mai launin toka na bakin gari ya fito shi kaɗai. Bayan kasuwa babu komai.

Hajiya ta kalli wayarta, ta ɗago.

"Mai Shiru ya fita."

Wata nas ta leƙo ƙofa, fayil a hammata.

"Ina iyayen Gimbiya? Likita na tambaya, an samu mai bayarwa?"

"A ɗebi nawa!" in ji Baban Gimbiya yana naɗe hannun riga. "Don Allah a ɗebi nawa, ko duka ne."

"Malam, mun sha gaya maka naka ba zai yi mata ba. Ku hanzarta, leɓenta ya fara fari."

Ta juya ta tafi. Auta ta zame daga kujera ta durƙusa gaban yayarta, ta kama gefen zanenta.

"Yaya, ki yafe min. Ni na ja. Ina da lambarsa, ina gaishe shi wani lokaci, ban taɓa gaya miki ba. Bari in kira shi, in roƙe shi, in ce masa ba ki gani ba. In ce kina ɗakin yara lokacin da..."

"Ƙarya za ki yi masa?"

"To ya zan yi, Yaya?"

Yaya ta tsaya tana kallon bango, inda fuskar take ɗazu. Shekarun nan duka tana taƙama da abu ɗaya, cewa ta riƙe 'yarta ba tare da ta nemi Kawu ba. Da wannan taƙamar take ɗaga kai in ta wuce ta bakin shagonsa. Ashe duk gudun da Gimbiya ta yi a tsakar gida, duk ranar da ta ɗau jaka ta tafi makaranta, da jininsa ta yi. Haushi ne ya fi yawa a ranta ko kunya, ita kanta ba za ta iya faɗa ba.

Ta miƙa hannu.

"Ba ni wayar."

"Yaya..."

"Na ce ki ba ni."

Auta ta lalubo lambar ta danna, ta miƙa mata. Garin karɓa Yaya ta taɓa maɓallin lasifika ba ta sani ba. Ƙarar kiran ta cika ɗakin. Matan nan da ɗazu ba a jin maganar wani saboda shewarsu, yanzu ko tari babu mai yi.

Ta yi ta ringi har kamar za ta katse. Sai aka ɗauka. Ƙarar janareto da ta ƙarfe suka fara shigowa, sannan murya mai kauri.

"Auta, ke kika yi min wannan aikin? Hotona a wayar kowa? Abin da kika je makaranta kika koyo ke nan?"

Yaya ta kai wayar bakinta.

"Ba Auta ba ce."

Aka ji ya yi wa wani magana can nesa, janareton ya mutu.

"Tela?"

Sunan da shi kaɗai yake kiranta da shi ke nan, tun tana ƙarama tana ɗinka wa 'yar tsana riga da allurar hannu. Yaya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza.

"Kin gani ke nan," in ji shi.

"Na gani."

"Yarinyar fa?"

"Jininta ya sauka. Sun ce... sun ce yanzu."

Aka ji ya ja dogon numfashi.

"Saƙon ya shigo min. Na ajiye aiki, na wanke hannu, ina shirin danna amsa sai ga hotona a guruf. Shi ya sa na fita."

"Kawu, me ya sa? Kai da ka ce kar in neme ka?"

"Na faɗa. Kuma ba ki neme ni ba, ni na kawo kaina. Baki ne ya faɗa, Tela, bakin mai fushi. Amma ke ba faɗa kika yi ba, rantsuwa kika yi, da sunan Allah, a gaban mutane. Na san ki, ni na raine ki. Ba don ina jin nauyinki na ɓuya ba. Na ɓuya ne don muddin ba ki sani ba, rantsuwarki ba ta kama ki ba, yarinya kuma ta samu jini. Yau ƙanwarki ta manna ni a bango."

Auta ta kife fuska a gwiwa.

"Ga ni tsaye a ƙofar shago," in ji Kawu, "kwaɗon rufewa a hannuna. Da a ɓoye ne da tuni na iso. Amma ba zan zo in sa jinina a jikin 'yarki kina kallo, rantsuwarki na tsaye a tsakaninmu ba. Ke kika ɗaura, ke za ki kwance, kuma da bakinki, a gaban mutanen da ke wurin nan, don ina jin numfashinsu."

Nas ɗin ta sake buɗe ƙofa, wannan karon da gudu ta zo.

"Maman Gimbiya!"

"Ina sauraron ki, Tela," in ji Kawu. "In zo, ko kar in zo?"